Katangar Baba Tranquillo

Mijina Attilio ne ya fara lura. Wata ranar Afrilu ya sauko daga gona, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin giya yana kankare laka daga takalminsa, ya ce, "Nives, katangar ubanki ta yi ciki."

Na ce, "Ubana yana maƙabarta. Wace katanga kuma?"

"Ta ɗaya uban naki. Wadda ke saman Tanderu."

Na kashe ruwan da nake wanke ganga da shi, na tsaya ina kallonsa.

Tanderu ita ce gonar inabin da muke taƙama da ita. Kamar sauran gonakin wannan gefe na Valtellina, hawa-hawa take a jikin dutse, kowane hawa katangar duwatsu ce ke riƙe masa ƙasa, ba siminti ba laka. Rana tana gasa duwatsun tun hantsi, har bayan ta faɗi in ka ɗora hannu sai ka ji ɗumi, shi ya sa kakana ya laƙa mata sunan. Giya iri biyu muke yi a gidanmu. Akwai ja mara nauyi ta gonakin ƙasa kusa da kogi, wadda ake sha kullum da abinci, kana hango yatsanka ta cikin kofi. Sai kuma sfursat, wadda ake tsinke inabinta a shanya a bene har Disamba, ya yamushe ya tattara zaƙinsa kafin a matse. Ita ce ke sa baƙi, galibi Jamusawa, su hauro lanƙwasasshiyar hanyar nan zuwa garinmu Roncalbo su buga mana ƙofa, kuma kusan duk inabinta daga Tanderu yake fitowa.

Saman Tanderu kuwa gonar Baba Tranquillo ce. Abokin mahaifina ne tun suna yara. Shi ya riƙe ni a coci ranar baftismata, shi ya kama hannuna ya miƙa wa Attilio ranar aure, don lokacin mahaifina ya riga ya rasu. Ya haura tamanin. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo, Delfina, tana koyarwa a Milano. Sunansa na nufin mai natsuwa, mutanen gari kuwa suna cewa duk wanda ya raɗa masa shi bai taɓa yin ƙarya irin ta wannan rana ba.

Washegari na hau na gani da idona. Katangar ta ninka ni tsayi, tsakiyarta ta turo gaba kamar mai cikin wata bakwai. Wasu duwatsun sun buɗe baki har hannuna yana shiga tsakaninsu. Kwatar da ke janye ruwan sama daga gonarsa zuwa rafi ta toshe da ƙaya da ruɓaɓɓen ganye, har wani ɗan itace ya tsiro a ciki.

Na same shi a ƙofar 'yar bukkar dutsensa yana fere wani turke.

"Ina kwana, Baba."

"Wa nake gani? Uwar ɗakin Jamusawa! Yau ba masu sayen kwalba ne, kika tuna da talakawa?"

"Haba Baba, ai kullum kuna raina."

"Zama a rai ba ya cika ciki. Zauna."

Ya zuba mini tasa giyar a ɗan ƙoƙon katako. Akwai lokacin da duk garin nan ba giyar da ta kamo ƙafar tasa. Wannan kuwa ta fara tsami, tana yaƙushin maƙogwaro. Na haɗiye.

"Yaya kika ji ta?"

"Ai ta Baba ce."

"Amsar 'yan siyasa. Wannan ita ce giya, ba irin taku ba da mijinki ke auna wa zafin jiki safe da yamma kamar jariri."

Na yi dariya, sannan na ce, "Baba, katangar ƙasa ta yi ciki."

"To ni ban yi ba?" Ya bubbuga tumbinsa. "Tun kina goye nake ɗauke da shi, kin taɓa ganin na faɗi?"

"Attilio ya ce in kun yarda zai zo da mutum biyu su sauke tsakiyar su sake ɗorawa. Ba sai kun taɓa komai ba."

Nan take fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye wuƙar.

"Attilio. Ɗan garin Morbegno. Mutumin da ubansa cuku yake sayarwa, shi zai koya mini ɗora dutse?"

"Ba koyarwa ba ce, Baba."

"Kakana ya ɗora katangar nan. Ubana ya gyara ta bayan yaƙi. Ni na gyara ta shekarar da aka haife ki, ubanki yana miƙo mini dutse yana kukan bayansa zai ɓalle. Ban mutu ba tukuna, 'yar nan. Bari a gama tsinkar bana, ni zan gyara abata."

Ya ɗauki toshiyar kwalbar zai mayar. Yatsunsa sun kanannaɗe kamar tsohon gindin inabi, suka ƙi kamawa, sai da ya danna ta da tafin hannu. Ya ga na gani. Na kau da kai, na yi masa sallama na sauko.

A gida Attilio ya ce ni ce ban iya magana ba. Ya hau da kansa, ya dawo ya shige ɗakin giya ya rufo ƙofa. Da Yuni ya kama sai ya ce tunda katangar ta gagara, bari ya yashe kwatar kawai, in ruwa ya sami hanyarsa an rage rabin matsalar. Ya ɗauki diga da shebur da sassafe, wai zai gama kafin tsohon ya iso.

Ina tsakar gida ina shanya na ji ihun daga sama.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo a gonata!"

Tagogi suka buɗe. Mata suka fito bakin hanya da hannu a goshi suna hangen dutsen. Muna kallo Baba Tranquillo ya fizge shebur ɗin ya wurgo shi, ya yi ta tsalle daga hawa zuwa hawa. Muryarsa kuwa har ƙofar coci.

"Wa ya ce maka na gaza? Wa ya aiko ka? Ka ƙara taka ƙasata ka gani, ɗan mai cuku!"

Attilio ya sauko fuskarsa ta yi jawur. Ya ce, "Wallahi ba don shekarunsa ba..." bai ƙarasa ba. Ni na san abin da ya ƙona tsohon. A garinmu ranar da aka ga wani yana yashe maka kwata, ranar kowa zai san ka gama yawo. Daga nan ya daina amsa gaisuwarmu. A coci ya canja benci. Kullum kuma sai ya zauna a bakin kwatar da sandarsa a kan cinya, yana gadin toshewarta.

Na buga wa Delfina waya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Nives, me kike so in yi? Tun rasuwar Mama nake roƙonsa ya bar hawan dutsen nan. Bara na aika masa mai taimako, ya bi shi da sanda har titi. In na ɗauko maganar sai ya kashe waya." Magajin gari ma ya zo, ya tsaya a gindin katangar ya yi fito. Ya ce gonar mutum ce, mutumin kuma yana nan da ransa da hankalinsa, sai dai a lallaɓa shi. Ya hau lallaɓawar, ya sauko da ƙoƙo biyu a cikinsa da alkawarin bayan tsinka.

Abin da ya rage Attilio ya yi shi daga namu ɓangaren. Ya sassaro gumagumai ya tokare cikin katangar da su. Yana cikin yi sai ga kan Baba Tranquillo ya leƙo daga sama.

"Sanda ka ba ta? To ka haɗa mata da tabarau mana."

Attilio ya ci gaba da tokarewa. Shi kansa ya san tokare giwa yake da tsinke.

Abin haushi, ba mu taɓa ganin shekara mai kyau irin wannan ba. Ƙanƙara ba ta sauka ba, cuta ba ta shiga ba. Rana da zafi, dare da sanyin da ke saukowa daga kan duwatsu, yadda inabi ke so. 'Ya'yan inabin Tanderu suka fito ƙanana, a wawware, fatarsu mai kauri, irin waɗanda za su yi wata uku a bene ba su ruɓe ba. Attilio yakan tsinki ɗaya ya tauna har ƙwallon, ya rufe ido, sannan ya ɗaga kai ya dubi katangar, daɗin ya tsere masa.

Muka sa ranar Litinin ta ƙarshen Satumba za mu fara tsinkar Tanderu. Ranar Lahadi muna fitowa daga coci hadari ya taso ta wajen tafki. Ba wani ruwa mai ƙarfi ba ne da farko, yayyafi ne mai naci. Inabin sfursat kuwa ba a tsinkarsa a jiƙe, in ka shanya shi da lema ko mako ba zai yi ba zai yi furfura. Muka ce mu jira gobe. Goben ta zo da nata ruwan. Jibi ma haka. Rafi ya fara ruri har ba ka jin ƙararrawar coci sosai. Ruwan da ya rasa kwata ya nemi hanyarsa ta bayan katangar, yana tsartuwa ta tsakanin duwatsun, jajir da laka.

Attilio ya shigo kicin yana ɗiga, ya ce, "Mu tsinke shi a jiƙe. Mu zuba shi cikin ja. Da babu gara ba daɗi."

"Wa zai tsaya a gindin katangar?"

"Ni."

"Kai kaɗai za ka tsinke Tanderu? Ko 'ya'yan mutane za mu tura?"

"To mu zauna mu zuba ido ke nan?"

"Mu zauna."

"Shekara guda ta aikina, Nives!"

"Na sani. Ba za ka hau ba. In ka hau, ni ma ina bayanka, sai ta rufe mu tare."

Ya cire hularsa ya maka ta da bango. Na dafa pizzoccheri, taliyar yankinmu, ranar, da kabeji da dankali da man shanu kamar yadda yake so, muka zauna muna kallon kwanon har cukun ya daskare. Daga nan ya koma bene, ya zauna cikin akwatunan shanya da ba komai a cikinsu, ya sa fuska a taga.

Washegari da hantsi abin ya faru. Ina bene tare da shi ina jera akwatunan, don hannuna ya sami abin yi. Sai muka ji ƙara kamar tipa tana juye tsakuwa, amma wannan juyewar ta ƙi ƙarewa. Na matsa taga. Tsakiyar dutsen ce ke tafiya. Abin da har yau ban manta ba shi ne rashin saurinta. Layukan inabi suna tsaye da turakunsu, 'ya'yan suna reto a jiki, suna saukowa a jere kamar masu zuwa gaisuwa. Sannan suka lanƙwashe. Katangar Baba ta faɗa wa tamu ta sama, tamu ta faɗa wa ta ƙasanta, haka har titi. Da ƙarar ta lafa sai wari ya shigo ta taga, na ɗanyar ƙasa da matsattsen inabi.

Attilio ya riƙe damtsena har sai da na ji zafi. Can na tuna da safe na hango baƙar lema tana hawa matakalar gefen gonar.

"Baba!"

Muka fita da gudu. Ban san yadda muka hau ba, matakalar ta zama rafi. Muka same shi a tsaye a bakin inda ƙasar ta yanke, taku kaɗan tsakaninsa da ramin. Ya rufa buhu a kansa, laka har gwiwa, fartanya a hannunsa. A bayansa na ga kwatar. Ya yashe ɗan wuri, bai fi tsawon tabarma ba, ƙayar da ya ciro tana tare a gefe.

Na san Attilio ya hauro da magana cike da bakinsa, tun Yuni yake tara ta. Ya tsaya yana haki yana kallon tsohon. Sai ya tuɓe rigar ruwansa ya yafa masa.

Baba Tranquillo bai dube mu ba. Ya ce, "Da ma yau na ce zan buɗe ta." Ya waiwayi kwatar. "Saura kaɗan."

Attilio ya kama hannunsa, muka sauko da shi a hankali. Bai fizge ba, bai zage shi ba. Wannan ya fi zaftarewar ba ni tsoro.

Bayan kwana biyu sama ta washe tas, kamar ba ita ba. Fiye da rabin Tanderu ya tafi. Inda dā layukan suke, dutse ne tsirara yana ƙyalli a rana. Katafila ta zo ta buɗe titi, ta tara ƙasar a gefe tsibi guda, turaku da jijiyoyin inabi suna leƙowa daga ciki. Maƙwabta suka taya mu tsinke abin da ya tsira a gefe da gefe. Ba wanda ya ambaci sunan Baba Tranquillo a gabanmu, mu ma ba mu ambata ba. Wa za ka kai ƙara? Wa za ka yi wa faɗa?

Zamanin iyayenmu, duk bayan hunturu maza sukan goya kwando su mayar da ƙasar da ruwa ya wanko zuwa hawan da ta fito. Na daɗe ban ga mai yi ba. Wata safiya na buɗe taga sai na hango Baba Tranquillo a gindin tsibin, da tsohon kwandonsa na goyo da shebur. Ya zuba ƙasa rabin kwando, ya durƙusa ya zura hannuwansa a igiyoyin, ya miƙe da ƙyar. Ya kama matakala. Yana hawa yana hutawa, har ya kai inda hawanmu na sama yake a dā, ya juye ƙasar a kan dutsen. Ya juyo.

Na tare shi a ƙasa.

"Baba, me kuke yi?"

"Rawa nake. Ba kya gani?"

"Don girman Allah ku ajiye kwandon nan."

"Ƙasar ubanki ce. Ba a barin ƙasa a bakin titi kamar kashin kare."

"Ba katangar da za ta riƙe ta, Baba. Ruwan farko zai sauko da ita."

"Sai in sake hawar da ita. Matsa mini."

Attilio ya fito daga ɗakin giya hannunsa duk ja. Ya ce, "Baba, ba wanda ya riƙe ku a zuciya. Abin da ya faru ya faru, mun yafe."

"Wa ya roƙe ka? Koma ka auna wa jaririnka zafi."

Washegari ya dawo, da wanshekarenta. Ranar da ya shiga shagon Gilda shan kofi na ɗauke kwandon na ɓoye a bayan gangunan. Ya fito ya duba, bai tambayi kowa ba, ya tafi gida ya dawo da bokiti. Na ga yadda yake hawa a karkace, bokitin yana jansa wajen ramin, na ruga na ɗauko masa kwandonsa da kaina. Ya karɓa ya ce, "Kin kyauta."

Attilio ya gwada bin bayansa yana tallafe gindin kwandon a ɓoye. Tsohon ya ji nauyin ya ragu, ya tsaya cak, ya ƙi motsi sai da aka sakar masa. Ga shi lokacin aiki ne, ja tana tafasa a cikin gangunan, ba a barinta ko na rabin yini. Sai dai mu yi aiki ido ɗaya a taga. Fada, limamin cocinmu, ya yi wa tsohon magana, ya ce wa Fada ya je ya kula da matattunsa. Mutane sukan gaishe shi su sunkuyar da kai su wuce da sauri. Dā tsoron katangarsa nake kada ta faɗo mana. Yanzu shi nake tsoron ya faɗo, kuma wannan karon ma ba abin da ke hannuna.

Farkon Nuwamba aka yi ruwa na yini ɗaya. 'Yar ƙasar da ya tara a sama ta narke ta bi dutsen ta dawo titi. Da safe ya zo, ya tsaya ya daɗe yana kallon jan layin da ta bari. Sannan ya ɗauki shebur.

Delfina ta zo ranar Asabar da takalmin birni. Ta tsaya a tsakiyar matakala ta ware hannuwa.

"Baba, ba za ku wuce ba. Kashe kanku za ku yi? A gaban mutane?"

"Ke da kika tafi, me ya dame ki da abin da ake yi a nan?"

Ya raɓa ta gefenta, kwandon ya goga mata laka a riga. Ta zauna a wurin ta fashe da kuka. Na hau na zauna kusa da ita.

"Ki ce masa ba kwa so, Nives."

"Na ce."

"Ki ce masa kun sayar da gonar. Ki yi masa ƙarya."

"Sai ya ce ƙasar mai sayen ce, ya ci gaba."

Ta share hanci, ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. Muka zauna muna jin takunsa a sama da mu, da numfashinsa kamar zarto.

Bai faɗi ba. Wata safiya mai sanyi a ƙarshen Nuwamba ya zauna a tsakiyar matakala da kwandon a bayansa, ƙafafunsa suka ƙi tashi. Bai kira kowa ba. Attilio ne yana bene yana juya inabin shanya ya lura zaman ya yi tsawo. Ya hau ya kwance masa igiyoyin, ya goyo shi har ƙasa. Ya ce mini daga baya kwandon ya fi mutumin nauyi. A asibitin Sondrio suka ce ƙirjinsa ya cika da ruwa, zuciyar ma ta gaji. Ba shi ba hawa, ba shi ba zama shi kaɗai. Kafin Kirsimeti Delfina ta wuce da shi Milano kai tsaye daga asibitin, ko gidansa bai sake gani ba.

Da muka matse sfursat a Disamba, ganga ɗaya tak ta cika. Muka nemi masu ɗora dutse. Waɗanda suka iya aikin 'yan kaɗan ne suka rage, su ma gashinsu ya yi fari. Wanda ya zo ya hau ya dudduba, ya ce hawa biyu na ƙasa za su gyaru, sauran sai dai haƙuri, tunda ruwa ya kwashe har mazaunin katangun. Sabon dashe kuwa sai ya kwashe shekaru kafin ya ba da inabin da ya isa a shanya. Attilio ya kusa sittin, 'ya'yanmu duk sun kama aiki a birni. Ya ce, "Mu dasa. Ko jikokin Jamusawan sa sha."

A Fabrairu na shiga jirgin ƙasa na je duba Baba Tranquillo. Gidan Delfina can sama yake a wani dogon bene, tagar ɗakinsa tana kallon bangon wani benen. Ya ƙanƙance a cikin kujera, an lulluɓe masa gwiwa da bargo. Hannuwansa na fara gani. Tunda nake ban taɓa ganin farcensa fari ba sai ranar.

"Uwar ɗakin Jamusawa," ya ce, muryar ba ƙarfi. "Me kika kawo wa fursuna?"

Na ciro 'yar kwalbar da Attilio ya ɗiba daga gangar. Delfina ta ce likita ya hana, sai dai ya jiƙa harshe. Ta zuba ɗan kaɗan a gindin kofi. Ya kai hanci ya daɗe. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, idonsa a rufe.

"Yarinya ce tukuna. Ku bar ta ta yi barcinta." Ya sake shinshinawa. "Daga gefen rafi ne wannan, wajen babban dutsen."

"Daga nan ne, Baba."

"Ki ce wa mijinki ya fara koyo."

Na ce zan faɗa masa. Ya miƙa wa Delfina kofin, ya gyara bargo.

"Wata ya fara raguwa. Kun fara askin inabi?"

"Mun fara a gonakin ƙasa."

"Tawa fa? Wa ya yi mata?"

Delfina tana bayansa tana yi mini alama da ido da kai. Gaskiyar ita ce hanyar shiga gonarsa ta tafi tare da ƙasar, sauran katangunsa kuma kowace a kan ƙafa ɗaya take. Attilio ya gwada sau ɗaya, dutse ya zame a ƙarƙashinsa, na ce masa kul. Na buɗe baki in faɗi abin da Delfina ke so, sai na ga yana kallona kai tsaye.

"Ba wanda ya yi, Baba. Hanyar ta tafi."

Ya gyaɗa kai.

"Ta gefen rafi ana iya hawa."

"Baba..."

"Cewa na yi ana iya hawa. Ban ce ki hau ba."

A ƙasa motoci suna ta wucewa. Can ya ce, "Tashi kada jirgi ya bar ki." Na sunkuya na sumbaci goshinsa, ya kau da fuska wajen bangon.

Mun ɗora hawa biyun kafin Mayu, mun yi dashe. Gonarsa kuwa da ɗumi ya shigo ta yi ganye ba aski, rassa suka barbazu suka hau juna, ƙaya ta biyo su. Da kaka ta yi 'ya'ya birjik, ƙanana masu tsami, muna tsakar gida muna kallo tsuntsaye suka cinye su.

Yana nan da ransa har yanzu. Duk Lahadi Delfina takan bugo mini ta miƙa masa wayar. Ya daina tambayar gona. Sai dai ya ce, "Ana ruwa a can?" In faɗa masa.